Siririya Tana Jiran Shayi Na Uku

Balki, wannan babin naki ne fiye da na yayyenki, ko da yake ina so Musa da Razak su karanta shi su ma, ko sa daina yi mini kallon waliyyiya. A shekarar da zan ba ku labarinta kina da shekara goma, kuma ni ce malamar ajinku, abin da bai yi wa ko ɗayanmu daɗi ba. Su biyun sun riga sun tafi karatu Damagaram, sai hutu muke ganinsu. Gidan ya rage mu uku, ni da ke da Inna mahaifiyar babanku. Na ce uku, amma Inna huɗu take ƙirgawa. Shekara uku ke nan da babanku ya ɗauki fasinja ya kama hanyar Dirku, ya ce kwana goma zai yi, bai dawo ba. Ba a ga motar ba, ba a ga ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ya ɗauka ba. Jandarmomi sun rubuta abin da za su rubuta, abokan tuƙinsa sun bi hanyar sau biyu sun dawo suna sunkuyar da kai. Inna kuwa kullum sai ta zuba tuwo a kwanonsa ta rufe da faifai, da safe ta ɗumama ta cinye da kanta. Kowace Juma'a tana wanke rawaninsa ta shanya. Wata maƙwabciya ta taɓa yin kuskuren cewa Allah ya jiƙansa a tsakar gidanmu, ba ta sake tako ƙofar ba har Inna ta bar duniya.

Ni a lokacin ban san me na gaskata ba. Da safe nakan ce ya mutu, da la'asar in ji ƙarar mota a bakin titi in tsinci kaina ina gyara ɗaurin ɗankwali. Ba ni da miji, ba ni da takaba. Na zama mai saurin fushi, kuma ku ne shaida, yaran lakwal, makarantar da nake koyarwa, su ma shaida ne.

Bayan katangarmu wata mata ta kama haya, sunanta Sokoro. Ma'aikaciyar jinya ce a wurin da ake kula da matafiyan da aka tsinto daga hamada. Gajera ce mai jiki, fatarta kamar ta Buzaye, ta fi mu cin barkono, kuma in ta yi dariya har a ɗakina nake ji. Ta ce daga Meksiko take, ƙasar da na sani a taswira kawai. Faransancinta a karye yake, nawa na malaman firamare ne mai taurin kai, amma mun fahimci juna ta saman katanga. Wata rana, sanyi ya fara shigowa, ta kira ni in zo in ga wani abu. Na shiga ɗakinta da rana tsaka na tarar ta rufe taga, ta kunna kyandir. Ta shimfiɗa zane a kan tebur, ta jera hotunan mutane, da furanni na takarda ruwan lemo, da burodi, da kofin ruwa. A gaban hotunan akwai wasu ƙananan abubuwa farare guda biyar ko shida. Sai da na sunkuya na gane ƙoƙon kan mutum ne, ƙanana kamar ƙwan kaza, an yi su da sukari, an zana musu ido da haƙora. A goshin kowanne akwai suna. Na uku daga hagu an rubuta masa sunana, Rabi.

Na yi a'uziyya a fili, na ja da baya har na bugi ƙofa.

"Kyauta ce," in ji ta, tana dariya. "A wurinmu aboki ake yi wa. Ci za ki yi."

"In ci kaina?"

"Kafin mutuwa ta ci ki, ai gara ki riga ta."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. A ƙasarsu, a waɗannan kwanaki, mutane suna zuwa maƙabarta su share kaburburan nasu, su zauna a kai su ci abinci, su yi hira da mamatan kamar sun zo ziyara. Mutuwa kuma sun yi mata sunayen tsokana, wanda Sokoro ta fi so shi ne Siririya, don ƙashi ce zalla cikin mayafi. Har a lakwal ana koya wa yara su tsara 'yan baitoci na ban dariya a kanta. Ba a yi wa mamaci, sai mai rai, malaminka ko kakarka ko mai kantin unguwa. Ka kamo halinsa da kowa ya sani, ka nuna yadda Siririya ta zo ta same shi a cikin halin nan. Ta ce ta yi mini nawa, ta ciro takarda ta karanta. Ga yadda na mayar da shi Hausa daga baya:

Siririya ta zo lakwal ba sallama,
Madam Rabi ta ce, "Koma ki koyo ladabi tukuna."
Ta yi dariya, haƙora duk a fili,
ta ɗauke Madam har da jan bik da alli.
Yanzu a maƙabarta ana ta kuka,
ta ba matattu sifiri dukka.

Na so in yi fushi, dariya ta riga ni. Na yi ta yi har hawaye suka zubo, har cikina ya ƙulle, kuma rabona da irin wannan dariyar tun kafin babanku ya tafi. Na fito daga ɗakin nan jikina sakayau. Ƙoƙon kan dai ban ci ba, na ba akuya a hanya.

To kun san halin malami, duk abin da ya gani sai ya kai aji. Yarana ba sa son rubutu, in na ce su tsara jimla uku sai su yi ta tauna bik, wato alƙalami. Na ce bari in gwada musu wannan da Hausa, a awar ƙarshe ta ranar Laraba, lokacin da darekta ya riga ya tafi gida. Amma ni 'yar garin nan ce, na san Agadas. In yaro ya je gida ya rera cewa mutuwa ta ɗauke mahaucin unguwa, kafin magariba mahaucin zai iso lakwal da wuƙarsa yana tambayar wa ke yi masa mugun fata. Don haka na yi wa abin gyara irin nawa, ina jin kaina mai wayo. Na rubuta musu doka biyu a tabulo, allon aji. Ta farko ta Sokoro ce, mai rai kaɗai ake yi wa. Ta biyu tawa ce, Siririya ba ta ɗaukar kowa. Za ta zo, halin mutumin ya hana ta, ta koma hannu rabbana. Wannan doka ta biyu ita ce kuskuren da na yi a rayuwata wanda ya fi kowanne tsada, kuma na rubuta ta da allina ina murmushi.

Yaran suka kama abin kamar da ma jira suke. Har yau ina tuna na wata yarinya 'yar gidan maƙeran azurfa:

Siririya ta je wurin mai nama,
ta ce, "Taso, yau kai nake nema."
Ya dube ta sama, ya dube ta ƙasa,
ya ce, "Ƙashi zalla, ko kare ba ya lasa."
Ta ji kunya, ta ja mayafi,
ta koma gida tana ta ƙorafi.

Ajin ya kaure da dariya. Wani ya yi wa mai gadi da barcinsa, wata ta yi wa kakarta mai kurumta, Siririya ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Na tattara kaye-kayen, littattafan rubutunsu, na kawo gida, na zauna a inuwar zaure bayan azahar ina dubawa. Naki ne na goma sha wani abu. Ke ba ki karanta a aji ba, kin ce ba ki gama ba.

Siririya ta tsare Baba a hanya,
can bayan Dirku, kusa da rijiya.
Ta ce, "Taso mu je." Ya ce, "Haba, baƙuwa,
shayi na wuta, ina za ki da ƙishirwa?"
Ta sha na fari, ta sha na biyu,
tana jiran na uku har yanzu.

Duk wanda ya san babanku zai gane shi a nan. Mutum ne da ba a taɓa gaggauta shi a kan shayi ba. Fasinja su yi ta masifa, rana ta yi ta tafiya, shi yana tsugune gaban murhunsa na waya yana ɗaga buta sama, yana mayar da kumfa, kuma ba mai tashi sai an sha na uku. Na riƙe jan bik ɗina a kan shafin, na rasa abin da zan rubuta. Kin bi dokokina duka biyu. Kin ce yana da rai, kin ce ba ta ɗauke shi ba. Ban sa maki ba, na rufe kayen na ajiye shi a kan tabarma, kuma nan ne Inna ta gan shi. Ba ta karatun boko, sai ta kira ki ta ce ki karanta mata abin da ya sa uwarki ta yi tagumi.

Kika karanta. Inna ta yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa da ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Shi na, wallahi. Haka shike. Sake karantawa, ɗiyata."

Kika sake. Ta gyara zama, ta matso kusa da ke.

"To in ta sha na ukun fa?"

"Sai su tahi," kika ce.

"To kar ki bari ta sha."

Ina zaune ina jin ku. Na ɗauka maganar tsohuwa ce da jikarta. Washegari da la'asar na dawo na tarar da ku biyu a gindin katangar gabas, kin buɗe kayen a cinya kina karanta mata sababbin layuka biyu, wai gawayi ya mutu, Baba yana hurawa. Jibi sukari ya ƙare, ya ce ta jira ayarin raƙuma ya wuce ya roƙa. Gata finjali ya faɗa rijiya, yana ciro shi da rawaninsa. Inna tana tafi tana cewa madalla. A makon farko har ni na yi murmushi, don kin iya, kuma gidan ya daɗe bai ji dariya ba.

Sai mako ya zama wata, wata ya zama uku. Sauran yara sun daɗe da mance Siririya, sun koma tsallen igiya. Ke kuwa kowace rana sai kin samo sabon dalili kafin inuwar katanga ta kai bakin randa, don nan kika sa wa kanki iyaka. Dalilan suka fara ƙarewa. Yaro ɗan shekara goma dalilai nawa zai ƙirƙiro na hana shayi dahuwa? A aji ina magana kina kallon bango, leɓɓanki suna motsi. A gida ki sa loma biyu ki tsame hannu. Wuyanki ya fito, idanunki suka yi zuru-zuru. Wata la'asar na same ki kina buga goshinki da dunƙulen hannu kina cewa na riga na yi na iska, na riga na yi na kunama, na riga na yi na taya. Inna tana gefe da carbi tana cewa yi tunani, ɗiyata, inuwa ta kusa. Kuma kun fara ajiye finjali biyu a kan tabarma, babu komai a ciki, suna fuskantar juna.

Na yi duk abin da uwa take yi. Na yi faɗa, na yi lallashi. Na ƙwace kayen na kulle a adaka, kika rubuta da gawayi a bangon bayan ɗaki. Na kai ki likita, suka auna suka ce ba zazzaɓi, a ba ki madara. Na karɓo rubutu wurin malam, kika sha don kada in yi fushi. Inna kuwa da na yi mata magana sai ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke kin gaji da jira, shi ya sa. Wagga ɗiya ita kaɗai ta riƙe ubanta."

Na zaunar da ke na ce wasa ne, Balki, ni na ƙirƙiro dokar nan da bakina, baiti ba ya riƙe ran kowa, Allah ne mai rayawa da kashewa. Kika saurare ni tsaf, sannan kika tambaye ni.

"Mama, kin san ya mutu?"

"Ban sani ba."

"To in na bari, kuma ya zamana shina da rai?"

Ranar da gabana ya faɗi da gaske wata Asabar ce, da rana tsaka, lokacin da garin yake yin tsit, ko akuya ba ta motsi. Na fito daga wanka na gan ki tsaye a tsakar gida cikin rana ba takalmi, kin juya wa gabas baya. Na ce me kike yi a nan.

"Ba na son in dube ta."

"Wa?"

"Da tana kallon buta. Yanzu ta cire mayahin, ta waiwayo nan. Ta ce ma Baba, wa ke rubutawa?"

Ba ki yi kuka ba, da ma kin yi. Na taɓa hannunki na ji shi sanyi ƙalau cikin wannan zafin. Na saka ki ɗaki, na yafa gyale na zagaya gidan Sokoro ban ko yi sallama ba. Na juye mata komai a tsaye, da nufin in ɗora mata laifi. Ta saurara, fuskarta tana canzawa, ta ce in karanta mata baitocin yaran. Na karanta na mahauci, na karanta naki.

"Ina ƙarshen?" ta ce.

"Shi ke nan ƙarshen."

"A'a, Rabi. A wurinmu tana ɗauka. Mutum ya yi wayonsa, ya yi masifarsa, a layi na ƙarshe sai ga shi a maƙabarta. Abin dariyar ke nan, ba mai tsira, ni da ke da shugaban ƙasa. Yaro ya yi dariya, ya rufe littafi, ya je ya ci alewa. Ke kin cire ƙofar fita, kin bar yarinya a ciki."

Ta zauna bakin gado tana kallon teburin da ta riga ta kwashe. Ta ce su suna iya yi wa mutuwa dariya ne don sun san inda nasu suke kwance, suna da wurin da za su je su zauna. Ta ce yarinyar nan kabari take buƙata. Ina so ku sani Sokoro ba ta ce in yi abin da na yi ba. Ta faɗi magana ne cikin baƙin ciki, ni ce na ɗauke ta na tafi da ita.

A makon nan Laminu ya sauka garin. Ɗan kawuna ne daga Tasawa, yana cikin masu haƙar zinariya a Jado, ya biyo zai wuce gida. Ya aiko a gaya mini yana tasha, zai zo gaisuwa. Ban bari ya zo ba, ni na je na same shi bayan an tashi daga lakwal. Kafin in fita na buɗe adakata na ciro zoben azurfar babanku. Ya matse masa yatsa, ya cire ya ba ni ana gobe zai tafi, ya ce in kai wa maƙeri ya buɗa shi. Ban kai ba, kuma ba wanda ya san yana wurina. Kowa ya ɗauka da shi ya tafi. Na ja Laminu gefe, bayan wata babbar mota, na gaya masa abin da nake so ya faɗa.

"Yaya Rabi, wagga shaidar zur ce."

"Na sani. Ni zan ɗauka."

"Ba a ɗaukar ma wani. Kuma in mutumen ya dawo?"

"In ya dawo zai tarar da ɗiyarsa da rai, ya yi mini abin da ya ga dama."

Sannan ya ce shi a hanyar Jado ya ga abin da ba ya son tunawa. Sun taɓa cin karo da wata farar mota rairayi ya binne ta rabi, da mutum zaune a inuwarta ya jingina da taya, ya bushe ƙayau, tufafinsa a jikinsa, leɓɓansa sun janye kamar mai murmushi. Sun haƙa rami sun rufe shi, ba su san ko wane ne ba. Ya ce wannan zai iya faɗa, don ya gani da idonsa. Na ce to ka faɗi wannan, ka miƙa zoben, sauran ka bar mini. Abu ɗaya na nanata masa har sau uku: ya ce mutumin ya daɗe da mutuwa, shekaru, tun farkon tafiya. Ba na so ki yi zaton wani layi da kika kasa samowa ne ya kashe shi.

Ya zo washegari da hantsi. Ya zauna bakin tabarma, ya faɗi abin da ya gani, muryarsa tana rawa, kuma kowa ya ɗauka tausayi ne. Ya kwance bakin rawaninsa ya ajiye zoben a gaban Inna. Ta ɗauka, ta juya shi, ta kai shi kusa da fuskarta. Sannan ta yi salati, ta tashi ta ɗauko kwanon tuwon ta kife shi.

Ke kina tsaye jikin ƙofa. Kika tambayi Laminu tun yaushe, ya ce tun da daɗewa, ɗiyata, tun kafin ki iya rubutu sosai. Kika juya kika kalli katangar gabas, kika yi maganar da har yau ban manta ba.

"Ashe ita kaɗai ke zaune can tun da farko."

Kika shiga ɗaki kika kwanta da rana, kika yi barci har inuwa ta wuce randa ta hau bango, ba ki farka ba. Na zauna kusa da ke ina kallon numfashinki. Da kika tashi kika ce kina jin yunwa. Na dafa miki shinkafa da wake, kika cinye kika nemi ƙari, ni kuma na zagaya bayan ɗaki na yi kukan da mutane suka ɗauka na miji ne.

Aka yi sadaka, mutane suka cika gida, yayyenki suka zo daga Damagaram da jajayen idanu. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ina zaune cikin ɗaki a kan mutumin da ban san ko yana shan iska a wani gari ba. Kowace salla ina roƙon gafara, kuma ban taɓa roƙon a mayar da ni baya ba. Sokoro ta koma ƙasarsu kafin in fita, ta yi mini ban kwana ta saman katanga, ban gaya mata gaskiya ba.

Ana saura kwana kaɗan in gama, Inna ta shigo ɗakina bayan azahar, kina lakwal. Ba ta zauna ba. Ta kamo hannuna ta buɗe, ta saka zoben a ciki, ta naɗe yatsuna a kansa da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Zoben da ya shekara uku cikin rairayi ba ya ƙamshin humra, Rabi."

Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu.

"Na ga ɗiyar ga tana cin abinci, shi ya sa na yi kurum. Ni ma da hannuna a ciki, na sani. Amma ɗana ke kinka rufe shi, ba Allah ba. Riƙe abinki."

Ta yi shekara biyu bayan nan. Ba ta tona ni ba, ba ta kuma sake cin abin da hannuna ya dafa ba. Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ina kwana, lafiya lau. Ku kun ɗauka tsufa ne ya sa ta koma girka nata a ɗan murhu. Na yi jinyarta har ƙarshe, kuma ko ruwa sai in ke kika miƙa take karɓa.

Mutum biyu sun nemi aurena bayan takaba, ɗaya ma mutumin kirki ne, kun san shi. Kuka yi ta faɗa wa mutane cewa Mama ta ƙi aure saboda son Baba. Ina son babanku, amma ba shi ne dalili ba. Matar da ba ta san ko igiyar aure tana kanta ba, ba ta da ikon ba wani. Laminu ya rasu bara, ya tafi da rabonsa na wannan kaya, Allah ya yafe masa, ni na ja shi. Yanzu ni kaɗai na rage da sanin, kuma likita ya gaya mini abin da ya gaya mini game da ƙirjina.

Don haka ku ji da kyau. Ba wanda ya ga gawar babanku. Mutumin da aka rufe a hanyar Jado ɗan wasu ne, su ma wataƙila suna can suna rufe masa tuwo. Balki, na tsaya a gabanki na bar ki kika yi kukan maraici a kan ƙarya, kuma da za a sake mayar da ni ranar nan, kina tsaye cikin rana da sanyin hannun nan, zan sake buɗe adakar. Ba na neman ki ce na yi daidai. In kin ga za ki iya yafe mini, ki zo ki faɗa mini tun ina ji. In ba za ki iya ba, ki zo duk da haka, ki kawo mini jaririyar da kika haifa in gani.

In kuma wata rana, bayan ba na nan, wani tsoho ya yi sallama a ƙofar nan da muryar da ba ku gane ba, ya ce gidansa ne, kada ku kore shi. Ku shigo da shi, ku ba shi ruwa. Zai tambayi wanda ya kashe shi yana raye. Ku ce masa ni ce, sannan ku nuna masa Balki.